Abin Da Dogo Ya Ɓoye A Wuyan Riga

Duk abin da mutum zai yi min ina iya haɗiyewa, ban da ya ɗauki ɗinkina ya kai wa wani tela gyara. Gara ya tsaya a tsakiyar titi ya ce ban iya ba, na san dai a gabana ya faɗa.

Ranar Talata ce gab da azahar, ina kan keke ina haɗa hannun wata doguwar riga, sai ga Kawu Tela ya yi sallama. Tsoho ne mai shago can bakin tasha, a wurinsa na fara koyon riƙe almakashi. Mu teloli haka muke, idan yadi ya gaza maka ko launin zare ya ɓace, sai ka zagaya shagunan 'yan'uwa ka nemi ragowa.

"Auta, taimaka ki zazzage min buhun ƙyallenki. Kwala nake son buɗawa, kuma ba za ta buɗu ba sai da ƙari. Shago huɗu na shiga ban samu irin yadin ba."

Ya shimfiɗa rigar a kan teburin yanka. Ruwan toka ce mai siraran layuka farare.

Ban ma taɓa ta ba na gane ta. Ni na yanka ta, ni na ɗinka ta, ni na zauna na yi ramukan maɓallinta da hannu don keke ba ya fitar da su yadda nake so. Rigar Dogo ce.

Dogo malamin aji biyar ne a firamaren gangaren unguwarmu, kuma saura wata biyu a ɗaura mana aure. Shekara biyu muka yi muna shan wuya kafin a kawo nan. Yayana ya ƙi shi tun ranar farko, wai malamin firamare ba mijin aure ba ne, ga abokinsa Mai Yadi yana sona kamar ya haɗiye ni. Baba ya yi ta jan ƙafa, har sai da ya gaji da ganin fuskata a ɗaure sannan ya amince.

Riga shida na ɗinka wa Dogo. Ban taɓa ɗora tef a jikinsa ba, tsohuwar rigarsa ya kawo na auna, kuma ranar da ya gwada su babu wadda ta matse shi.

"Kawu, wa ya kawo maka wannan?"

"Wani malamin makaranta, dogo haka, mai ladabi. Ta huɗu ke nan. Ta farko inci ɗaya ya ce in ƙara, ta biyu da ta uku ɗaya da rabi. Yanzu biyu yake so, wai kuma in ɗaga kwalar ta tsaya sama sosai. Na ce masa ɗana, ƙibar taka a wuya kaɗai take tsayawa? Ga ka kullum sai ƙara zubewa kake." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ya ce kada in gaya wa kowa. To ni wa na gaya wa? Yadi kawai nake nema."

"A shaguna huɗu."

"Har wurin Mai Yadi na je. Shi ma ya yi ta jujjuya ta yana tambayata, ya ce ya tuna wanda ya sayar wa yadin."

Ni ya sayar wa, kuma ya san don wa na saya, domin ranar sai da ya yi min habaici.

Raina ya ɓaci. Da farko takaicin sana'a ne ya cika ni, wato ni Dogo zai tsallake, ya hau mota har bakin tasha, ya kai ɗinkina a farke. Sai kuma tsoro ya biyo baya. Shekara tara ina ɗinki, ban taɓa ganin mutumin da yake ramewa wuyansa yana ƙaruwa ba.

Na naɗe rigar na sa a jaka.

"Kawu, bar min ita. Tawa ce."

Ya dube ni, ya dubi jakar, sai ya kama haɓa. Muka fito, na ja ƙofar shago na rufe, na bar shi tsaye yana salati.

Ina isa makaranta ana tashi. Na tsaya gefen ƙofa har yara suka watse, sannan na shiga. Yana shi kaɗai a aji yana goge allo, kwalarsa a ɗage, maɓalli a rufe har na sama cikin wannan zafi. Sai a lokacin na tuna rabon da in ga wuyansa a buɗe an yi watanni. Na kuma tuna idan ya zo wurina, kullum ɓangarensa na hagu yake jinginawa da bango. Ni da nake cika baki ina gane karkataccen ɗinki daga ƙetaren titi, wannan ya wuce ni.

"Telata, lafiya da ranar nan?"

Na ciro rigar na jefa kan teburinsa. Murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Buɗe maɓallin nan."

"Auta, a makaranta muke."

"Na san inda muke. Buɗe."

"Ki bari mu yi magana tukuna."

"Wata nawa kana zuwa ƙofar gidanmu kana magana? Na ji maganar, ta ishe ni. Buɗe, ko wallahi in tsaya nan har shugaban makaranta ya zo ya tambaye ni abin da nake jira."

Ya ajiye abin goge allo. Ya sa yatsu masu alli ya ɓalle maɓalli ɗaya, ya ɓalle na biyu, ya juya min ɓangaren da ya daɗe yana ɓoyewa.

A ƙasan kunnensa, gangarowa wuya, wani ƙullutu ne ya taso kamar ƙaramin ƙwai. Fatar wurin ba ta yi ja ba, ba shi da baki, ba ruwa. Yana nan zaune kawai.

Na zauna a bencin yara.

"Kaluluwa ce," ya ce. "Mama ta ce kaluluwa ce."

"Na san kaluluwa. Ta fito min lokacin da haƙorina ya yi ciwo, kwana biyar ta baje. Wannan tun yaushe?"

Ya juya ya dubi allo.

"Dogo, tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Yana ciwo?"

"Ko kaɗan." Ya sunkuyar da kai. "Likita ya ce da yana ciwo da hankalinsa ya fi kwanciya."

"Au, har ka ga likita."

Ya jawo rajistar aji, wadda yake kiran sunayen yara da ita, ya buɗe can ƙarshe ya zaro wata takarda a ninke. Na karɓa. Ban gane rubutun likita ba, amma na gane kwanan wata. Sati biyar ke nan.

"Ya ce tunda ina ramewa, ga gumi da nake yi ina barci, sai an ɗan tsaga wurin an ciri kaɗan an kai gwaji. Duk Laraba suke yi. Ya ce zai iya zama ba komai ba, zai iya zama wani ciwo da magani ke kashewa, zai iya kuma zama..."

"Ciwon daji," na ce.

Ya gyaɗa kai.

"Laraba biyar ta wuce," na ce. "Me kake yi a cikinsu?"

"Ina koyarwa."

"Kana koyarwa. Kana kuma hawa mota zuwa bakin tasha kana ƙara wa kwala faɗi. Likita ya ce ka zo a duba ranka, kai kuma ka tafi wurin tela. Ka zaci inci biyu zai warkar da kai? Idan ya kai inci huɗu fa, bargo za ka naɗa ka zo zance?"

"Ki sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba. Ka raina ni, Dogo. Kullum ka zauna a gabana kana tambayata launin labulen da za mu sa a ɗaki, ashe wannan na wuyanka. Ni na zama abin tausayi, ina ta zuba, kai kana kallona."

Hawaye suka zo min, abin ya ƙara ba ni haushi, domin ba kuka na zo yi ba.

Ya zauna a gefen tebur, ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Kin san abin da ya kashe mahaifina?"

"Ka ce rashin lafiya."

"Daji ne. A wuya ya fara. Ina shekara goma sha tara, wata takwas ina juya shi, ina ba shi ruwa da cokali. Mutumin da yake ɗaukata a kafaɗa, ni na koma ina ɗaukarsa da hannu ɗaya. Ranar da na ji wannan abin ina wanka, Auta, sai da na zauna a ƙasa."

"To ai shi ya sa ya kamata ka fi kowa gudu zuwa asibiti."

"Ba ki gane ba." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Muddin ban je ba, ni ne wanda za ki aura. Ranar da sakamako ya fito, idan ya fito da abin nan, Yayanki ya samu abin da ya shekara biyu yana nema. Baba ma ba zai ba mai daji 'yarsa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Na ce in bari a ɗaura, bayan biki da sati ɗaya in je."

"Wato ka rufe ni, ka rufe iyayena, a ɗaura, sannan ka ce min ga abin da na aura."

"Tsoron rasa ki nake."

"Ni kuma tsoron binne ka nake. Wata biyu kake so ka ƙara wa abin da ya riga ya yi wata huɗu. Gobe Laraba. Za ka je."

"Ba zan je ba sai bayan biki."

"Dogo."

"Ki zage ni, ki yi duk abin da kike so. Ba zan kai kaina inda za a raba ni da ke ba."

Ya mayar da maɓallansa, na farko, na biyu, ya gyara kwalar. Na san taurin kansa, shi ne ya sa ya jure wulaƙancin Yaya shekara biyu, kuma yau a kaina ya juyo. Na fita ban yi masa sallama ba. Duk hanya ina kuka ina zaginsa a zuci, kuma ban taɓa sonsa kamar ranar ba.

Motar Mai Yadi na fara gani a ƙofar gidanmu. Yana jingine da ita, ya sha turare kamar an ɓarar da kwalba, ya shirya fuskar jaje.

"Sannu Auta. Allah ya ba shi lafiya. Ni fa tausayinki ne ya sa na sanar da Yayanki, don na bincika, an ce ciwon gidansu ne."

"Ka bincika? Daga ganin riga har ka gano tarihin gidan mutum, amma yadin da ka sayar min wancan watan ka kasa gano yana zuba."

"Haba Auta, ni mai ƙaunarki ne."

"Mai ƙaunata ba ya zuwa layi tun mai wuri bai tashi ba. Matsa in wuce."

A tsakar gida na same su. Baba yana kan kujerarsa, ko kayan aiki bai cire ba, garin katako a kafaɗarsa, domin kafinta ne. Inna tana bakin ƙofar ɗaki ta yi tagumi. Yaya kuwa ya kasa zama, sai kai da kawowa yake.

"Ga ta nan," ya ce. "Ki faɗa wa Baba da bakinki. Akwai abu a wuyansa ko babu?"

"Akwai."

"Kin ji ko, Inna? Ubansa daji ya kashe shi. Ya ɓoye mana, ya ɓoye wannan ma, yana jira a ɗaura ya kwanta mana. Tun farko na ce mutumin nan bai kwanta min ba, aka ce ƙiyayya ce."

"Ƙiyayya ce mana. Lokacin da ka ƙi shi wuyansa lafiya lau yake. Yaya, ka dubi fuskarka, wallahi murna kake."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai. Mutum yana tsakanin rai da mutuwa, kai ka ajiye abokinka a ƙofar gida yana jiran gado."

Ya yo kaina, Inna ta miƙe ta shiga tsakani tana kuka.

"Auta, ki ji tsoron Allah, yayanki ne. Ni ba ƙin yaron nake ba, Allah ya sani. Amma na ga jinyar daji a gidan ƙanwata. Ba ki san ta ba, 'yata. Ina ke ina wanke gyambo da sauran ƙuruciyarki? Shekara ɗaya ki dawo min da takaba?"

"Inna, ba a ma ce daji ba ne. Ba a gwada ba."

"To ya je a gwada mana," in ji Yaya. "Me yake tsoro idan ba ya san abin da ke jikinsa ba?"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ba mai yawan magana ba ne, idan zai yi sai ya auna ta kamar zai yanka katako.

"Ɓoyewar da ya yi ba ta yi min daɗi ba. Amma ba zan yanke hukunci a kan jita-jita ba. Ya je a gwada shi, ya kawo min takarda. Idan ta fito lafiya, biki yana nan a ranarsa. Idan ta fito da abin da ake tsoro, mu yi masa addu'a, mu taimaka da abin da za mu iya, amma maganar aure ta ƙare."

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, wannan maganar ita ce ta hana shi zuwa asibiti sati biyar. Ya san haka za ka ce tun ba ka ce ba. Idan ya ji ta daga bakinka, ba zai taɓa zuwa ba. Ka ce masa aure yana nan ko me aka gani, gobe da sassafe zai je."

"In ce abin da ba shi ne a zuciyata ba?"

"To ka sa shi a zuciyarka, Baba. Da ni ce abin ya fito wa, za ka so ya gudu?"

"Ke 'yata ce. Shi ɗan wani ne."

"Shi ba shi da uban da zai ce masa haka."

Ya kau da kai, na ga maganar ta taɓa shi. Amma ya miƙe ya kakkaɓe kafaɗarsa.

"Na gama magana."

Yadda na ga rana haka na ga dare. Kafin gari ya waye na riga na san abin da zan yi, na kuma san ba daidai ba ne, kuma ban damu ba.

Da sassafe na yafa mayafi. Inna tana hura wuta ta tambaye ni ina zuwa, na ce asibiti zan kai Dogo, ban tsaya jin amsarta ba.

Mama, mahaifiyar Dogo, ita ta buɗe min ƙofa. Hannunta yana ƙyallin man zafi, da gani yanzu ta gama shafa masa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile, ashe ya gaya mata yadda muka yi.

"'Yata, ki bar min ɗana. Kaluluwa ce, tana sauka a hankali. Ubansa yana tafiya da ƙafarsa har ranar da suka sa masa wuƙa, daga nan bai ƙara tashi ba. Irin wannan abu idan ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake."

"Mama, wata nawa Baba marigayi ya yi da abin kafin ya je asibiti?"

Ta ce, "Ya fi shekara."

"To ba wuƙa ba ce, Mama. Shekarar ce."

Ta juya min baya tana share ido da gefen zane. Na ji kunya, amma ban janye ba.

Dogo ya fito da jakar makaranta a kafaɗa, ya tsaya yana kallona.

"Idan maganar jiya ce, na gaya miki."

"Maganar ta riga ta je gidanmu. Mai Yadi ya kai."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya jingina da bango, ya rufe ido.

"Shi ke nan. Me Baba ya ce?"

Na dube shi tsakar ido, domin na san idan na sunkuyar da kai zai gane.

"Ya ce ka ɓata masa rai da ka ɓoye. Amma ya ce shi ba ya ba da 'ya ya karɓe saboda ciwo. Aure yana nan, ko me takarda ta nuna. Sharaɗinsa ɗaya, yau ka je a gwada ka."

"Baba ne ya faɗi haka?"

"Shi."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, a gaban Yaya."

Dogo ya sulale ya tsuguna, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Mutumin da bai yi kuka ba ranar da Yaya ya kore shi daga ƙofar gidanmu a gaban jama'a. Na tsaya a kansa ina jin haushinsa, ina jin haushin Baba, ina jin haushin kaina fiye da kowa.

"Tashi ka ɗauko takardar," na ce. "Layi yana cika."

A asibiti muka karɓi kati, aka nuna mana wani dogon baranda mai benci biyu da ƙofa mai koren fenti. Mutum bakwai ne a gabanmu. Warin maganin goge ƙasa ya cika wurin, fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. Duk wanda ya fito sai Dogo ya bi shi da kallo, ya dubi auduga da filastar da aka manna masa. Sau biyu yana miƙewa wai zai sha iska, sau biyu ina cewa ya zauna.

"Idan na fito zan je in gode wa Baba," ya ce. "Ba don maganarsa ba, wallahi da yanzu ina aji."

"Ka bari sai ka warware."

"A'a, yau zan je."

Na shiga lissafin yadda zan hana shi. Saura mutum ɗaya a gabanmu sai na ji takun da na sani tun ina rarrafe. Na waiga.

Baba ne, da kayan aikinsa, fensir a bayan kunne. Inna ta gaya masa, ya taho ya gani da idonsa ko da gaske za a yi gwajin.

Kafin in motsa Dogo ya riga ya miƙe. Ya tare shi a tsakiyar baranda, ya zube a gabansa, mutane suna kallo.

"Baba, na gode. Na yi kuskure da na ɓoye, ka yafe min. Auta ta gaya min abin da ka ce, cewa aure yana nan ko me aka gani. Tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya tsaya min haka. Na gode, Baba."

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba.

Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba. Na tsaya riƙe da katin asibiti, ban roƙe shi ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Koriyar ƙofar ta buɗe, nas ta leƙo ta kira lambarmu. Ba wanda ya motsa. Ta sake kira, da ɗan faɗa.

Baba ya sunkuya ya kama kafaɗar Dogo.

"Tashi, ɗana. Yadda ta gaya maka haka ne. Shiga a duba ka."

Dogo ya shiga yana share fuska, aka rufe ƙofa.

Baba ya zauna can ƙarshen benci, ya bar wurin mutum uku tsakaninmu. Ya cire fensirin daga bayan kunne yana jujjuya shi.

"Baba..."

"Kada ki ba ni haƙuri, don ba ki yi nadama ba."

Ya ajiye fensirin a kan benci, ya ci gaba.

"Na faɗa a gaban mutane, yaron nan ya shiga ƙarƙashin wuƙa a kan maganata. Don haka aure yana nan, ko me takarda ta ce. Yayanki ni zan ji da shi, uwarki ma haka." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi. "Amma ke kin ɗauki magana kin cusa min a baki. Ke ce a cikin 'ya'yana wadda idan ta faɗi abu ba na tambayar kowa. Daga yau sai na tambaya."

Hawaye suka zubo min, na bar su.

"Da za a dawo da safiyar nan, Baba, sai na sake faɗa masa."

"Na sani. Shi ya fi min ciwo."

Muka zauna muna jira. Na samu abin da nake so, kuma ban ji daɗi ko na ƙwayar zarra ba. Minti ashirin suka wuce, talatin suka wuce. Waɗanda suka shiga kafin Dogo ba wanda ya kai haka.

Ƙofar ta buɗe. Nas ɗin ta fito ita kaɗai, ba ta kira lamba ta gaba ba.

"Ku ne kuka zo da malamin nan? Likita yana son magana da mutum ɗaya daga cikinku."

Na yi zumbur na miƙe. Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Zauna. Maganar da kika yi yau ta isa."

"Kai wane ne nasa?" nas ta tambaye shi.

"Surukinsa."

Ya shiga, ta ja ƙofar ta rufe a fuskata.